Zangon Tsuntsaye a Tsakiyar Birni

A tsakiyar birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai wani makeken lambu, ana ce da shi Central Park. Girmansa eka 843 ne, an kuwa fara buɗe shi ga jama'a cikin 1858. In watan Mayu ya kama, tun da sassafe sai ka ga mutane sun yi cirko-cirko a gindin itatuwa, kowa da madubin hangen nesa da ɗan littafinsa, suna duban tsuntsaye. Waɗansu sukan ce wannan aikin marasa abin yi ne. Mu dai ba mu yarda ba, ga kuwa dalilinmu.

Yawancin tsuntsayen nan matafiya ne. Sukan taso daga kudu su nufi arewa don su yi ƙwai, da dare kuma suke tafiya. Sa'ad da gari ya waye, ga gajiya ga yunwa, ƙarƙashinsu kuwa duk benaye ne da tituna, sai su hangi lambun nan kore shar, su sauka tamkar fatake sun iso zango. Saboda haka akan ga iri fiye da 200 a wurin kowace shekara.

To, ina amfanin dubansu? A da al'adar waɗansu Amurkawa ce su fita ran Kirsimeti su yi gasar harbin tsuntsaye, wanda ya fi kashewa shi ne gwani. Cikin 1900 wani masani, Frank Chapman, ya ce a bar harbi a koma ƙidaya. Mutum 27 suka fita a wurare 25, lambun nan yana ciki, tun daga nan kuma ana yi kowace shekara. Da yayyafi kogi kan cika. Cikin 2019 masana suka haɗa wannan lissafi da waɗansu irinsa, suka tarar tsuntsayen Amurka da Kanada sun ragu da wajen biliyan 3 tun daga 1970. Ba mai iya gane irin wannan hasara da idonsa shi kaɗai, gama kaɗan-kaɗan take aukuwa. Sai da rubutun masu haƙuri aka san ta, wanda bai san ɓarna ba kuwa ba ya neman gyara.

'Yan'uwa, abin da muke so mu ɗauka ke nan. Kowa ya san zuwan shamuwa alamar damina ce, amma mu nawa ne muka taɓa rubuta ranar da ta sauka, da yawan sheƙunanta? Mu riƙa dubawa da natsuwa, mu rubuta abin da muka gani tare da kwanan wata, kada mu ƙara kada mu rage. Wanda ya saba da haka a kan tsuntsu, lalle zai yi shi a kan sauran ilmi. Allah ya ba mu haƙurin lura, amin.