Ba kowane jini a bayan gida ba ne basir: a daina gaggawar yanka

Akwai ciwon da mutanenmu ke fama da shi a ɓoye, daga Wad Haddad har Mai Wurno. Mutum ya shiga bayan gida ya ji kamar an tsaga shi da reza, ya ga ɗan jini ja wur, sannan raɗaɗi ya riƙe shi awa ɗaya ko biyu. Da ya faɗa wa wani sai a ce, "Ai basir ne." Sau da yawa kuwa tsagewar dubura ce, wadda likitocin nan ke kira sharkh, kuma yawanci tana warkewa ba tare da wuƙa ba.

'Yar tsaga ce a fatar bakin dubura. Abin da ya fi kawo ta shi ne bayan gida mai tauri da yawan yunƙuri, sai gudawa mai tsanani, sai haihuwa ga mata. Idan wurin ya tsage, naman da ke tsuke dubura yakan ɗaure saboda zafi, jini ya ragu a wurin, ciwon ya ƙi rufewa. Mutum kuma ya riƙa jin tsoron zagayawa, ya riƙe, bayan gidan ya ƙara tauri, ya sake tsaga wurin.

Ra'ayina shi ne, abin da ya fi cutar da mu kunya ce da gaggawa. Wani zai shekara yana daurewa, ran da abin ya ishe shi sai ya kai kansa wurin mai sakiya ko mai yanka a gida. To in aka raunata naman da ke riƙe bayan gida, mutum na iya kasa riƙe iska ko najasa, abin ya taɓa har alwalarsa da sallarsa.

Sabuwar tsaga takan rufe cikin mako 4 zuwa 6 in aka tausasa ciki. Maganin yana cikin tukunyarmu: miyar kuɓewa, lalo, zogale, wake, adas, ful, gwanda, da kisra ko tuwon dawar da ba a surfe dusarta duka ba. A sha ruwa sosai, musamman masu yini a gona cikin zafin Jazira, haka ma tsakanin buɗa-baki da sahur. A rage shaɗɗa in tana ƙara raɗaɗi. A zauna cikin ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a rana, don yana sassauta naman. A yi tsarki da ruwa a hankali, ban da gurzawa. In bayan gida ya zo a je, kada a daɗe a tsugune.

Filasko, wato sanamaka, yana sakin ciki, amma yawan shansa na kawo murɗa da gudawa, ita ma tana tsaga wurin. Tramadol da kodin kuwa busar da ciki suke yi, ba su dace da mai wannan ciwo ba.

In an kai mako 6 zuwa 8 babu sauƙi, har yanzu ba a kai ga tiyata ba. Likita na iya rubuta laktulos don tausasa ciki, da man shafawa na GTN ko diltiazem da ake shafawa sau 2 a rana har mako 6 zuwa 8. GTN na sa ciwon kai, kuma haɗari ne a haɗa shi da ƙwayoyin ƙarfin maza irin su Viagra. Tiyata ta wanda duk wannan ya gagara ce, a asibiti, hannun likitan fiɗa.

Wani zai ce, "Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ina asibitin, ina kuɗin mota zuwa Madani ko Sinnar?" Gaskiya ne. Shi ya sa ya kamata a fara kulawar gida tun ranar farko, don ba ta cin kuɗi. Sai dai mu da ke noma da wanka a magudanan ruwan Jazira mun san bilharziya, ita ma tana sa jini a bayan gida, haka atuni. Jini baƙi ko wanda ya cakuɗu da bayan gida, rama, zazzaɓi, mugunya, ko jinin da ya fara wa wanda ya haura shekara 40, waɗannan sai an je an yi gwaji, ruwan ɗumi ba zai wadatar ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maigida ya saurari matarsa in ta yi wannan kuka bayan haihuwa, ya kai ta wurin likita ko ungozoma. Uwa ta lura da yaron da ke kuka duk sanda zai yi kashi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.