Kalmar "Mundane" da Tarkon da Take Ɗana wa Mai Fassara

Akwai wata kalmar Ingilishi da nake ganin ya kamata mu yi hattara da ita a darasin fassara, wato "mundane". Bature yana amfani da ita a kan abin da aka saba da shi har ya daina burge kowa, kamar shara da wanke-wanke da bin layi a banki.

Asalinta daga Latin ne, daga "mundus", ma'ana duniya. Ta biyo ta Faransanci, inda ake cewa "mondain", ta shigo Ingilishi a ƙarni na 15. (Daga wannan tushe ne sunan jaridar nan ta Faransa, Le Monde, ya fito.) A wancan zamani ma'anarta ita ce abin da ya shafi wannan duniya, kishiyar abin da ya shafi sama ko coci. Sai a ƙarni na 19 ne ma'anar abu gama-gari mai gundura ta bayyana, kuma ita ce ta fi rinjaye a bakin mutane a yau.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗalibin da ya san wannan tarihi yakan yi saurin rubuta "na duniya", yana ganin ya dace. Amma "duniya" da Hausa ta aro daga Larabci, inda tushenta yake nufin abin da ya fi kusa, wata hanya daban ta bi. Idan Bahaushe ya ce wane yana da abin duniya, dukiya yake nufi. Idan ya ce abin duniya ya ishe shi, damuwa ce ta yi masa yawa. Ɗan duniya kuwa ba mutum ne mai gundura ba, tantiri ne, kuma yarinyar da aka ce ta shiga duniya ba wanke-wanke ta tafi yi ba. Ke nan a Hausa kalmar tana ɗauke da nauyi da zafi, alhali a Ingilishi ta riga ta huce. Wanda ya mayar da "mundane tasks" zuwa "ayyukan duniya" ya sa mai karatu ya zaci wa'azi za a yi masa a kan lahira, ga shi kuwa marubucin ƙorafin gugar kaya kawai yake yi.

A tawa fahimtar, mai fassara ya fara tambayar kansa: mene ne kishiyar kalmar a cikin wannan jimla? In kishiyarta ibada ce ko lahira, kamar yadda ake samu a tsofaffin rubuce-rubucen addini, to "na duniya" ya yi daidai. In kuwa kishiyarta abin ban sha'awa ne, sai a ce "na yau da kullum". Wannan ma bai cika biyan buƙata ba, domin tuwo abincin yau da kullum ne amma ba a raina shi. Inda marubucin ya nuna ƙosawa, gara a ƙara da "mai gundura", ko a ce aiki ne wanda ba wani armashi a cikinsa.