Gaishe Ku, Gidan Malam Bulus Audu, Amma Akwai Sauran Aiki

Wanda duk ya ɗauka Bahaushe Kirista baƙo ne a ƙasar Hausa, bai san gidan Malam Bulus Audu ba. Tushen gidan daga Isawa yake, wato almajiran Malam Ibrahim, malamin nan na Kano da ya dage a kan girman Annabi Isa har aka kashe shi zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watse, wasu suka faɗa duwatsun Ningi, wasu suka gangara ƙasar Zazzau. A 1913 zuriyarsu suka iske ɗan mishan Likita Walter Miller a birnin Zariya da tambayoyinsu. Mutanen allo da tawada ne, karatu ya kawo su, ba yunwa ba. Aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka rage suka koma Zariya, daga baya mishan ɗin ya tare a Wusasa a 1929.

A wannan gida aka haifi Ishaya Shu'aibu Audu a 1927, a Anchau. Ya yi makarantar St. Bartholomew ta Wusasa, ya wuce Yaba da Ibadan, ya ƙarasa karatun likita a Landan, ya ƙware a kan cututtukan yara. Ya koyar a Jami'ar Legas, ya kuma zama likitan Sardauna Ahmadu Bello. A duba wannan da kyau: jikan Shehu ya miƙa lafiyar jikinsa ga jikan Isawa, babu wanda ya ɗaga murya.

Inda ya fi cancantar jinjina shi ne Samaru. A 1966 aka ba shi shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello da ke can, bayan Baturen da ya fara riƙe ta, Norman Alexander. Shekarar kuwa ba ta rabon muƙami ba ce. An kashe Sardauna a watan Janairu, jini ya zuba a garuruwan Arewa, malamai da ma'aikata 'yan Gabas sun kwashe kayansu, yaƙin basasa na bakin ƙofa. Jami'ar ba ta wuce shekara huɗu da kafuwa ba, shi kansa bai cika arba'in ba. Ya riƙe ta har 1975. A hannunsa aka buɗe tsangayar koyon aikin likita, a hannunsa aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a, wadda ta buɗe wa 'ya'yan Arewa ƙofar da ƙarancin makarantun sakandare ya toshe musu. Da yawa daga cikin yaran da suka shige ta wannan ƙofa Musulmi ne, kuma ya san da haka sarai. A ganina nan ne addininsa ya fi fitowa fili, fiye da duk wa'azin da ya yi daga baya.

Siyasarsa ba sai an daɗe a kanta ba: mataimakin Azikiwe a takarar 1979, ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari, sai tsarewa bayan juyin mulkin 1983. Da ya fito bai nemi wata kujera ba. Ya koma Samaru yana duba marasa lafiya a asibitinsa, ya zama fasto, safe allura, Lahadi Linjila, har ya rasu a 2005. Gaishe ku, mutanen wannan gida. Allah ya sāka.

To, amma bashi na nan. Kusan duk abin da aka rubuta game da Isawa da Gimi da Wusasa, da Turanci yake, mafi yawansa kuma baƙi suka rubuta. Abin kunya ne ga al'ummar da malamanta suka zauna da Miller ana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa har ya fito a 1932. Kakanni sun ba Hausa littafi guda cur, jikoki masu digiri bisa digiri sun bar yaron Wusasa yana neman labarin kakansa a harshen da ba nasa ba. Ɗan'uwansa Musulmi na Tudun Wada ko Kwarbai ma haka, shi ya sa yake jin sunan Ishaya ko Bulus ya ɗauka daga nesa aka zo.

Aikin na 'ya'ya da jikoki ne tukuna, domin su ke riƙe da wasiƙu da hotuna da takardun wa'azi. Sai ikilisiyar Wusasa, wadda tsofaffinta suka ji labarin Gimi daga bakin waɗanda suka binne 'yan'uwansu a can, kuma tsofaffin nan kullum raguwa suke yi. A zauna da su, a naɗi muryarsu, a kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda dama a ƙarƙashin jami'ar yake. Sashen Tarihi da na Harsunan Afirka su ba ɗalibai wannan aiki, a kuma yarda su rubuta kundinsu da Hausa. Likitocin gidan da na Wusasa su ma akwai nasu: ɗan ƙaramin littafi kan gudawa da ƙyanda da tamowa, wanda uwa a Anchau za ta iya karantawa, ko a karanta mata a tsakar gida.