Nasarawa: Gardamar "mu ne masu gari" da abin da karɓa-karɓa ta kasa warkarwa

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, siyasarta ke tafiya kan tambayar da ba a cika furtawa a bainar jama'a ba: wa ya fi wani cancantar jan ragama? A Lafiya amsoshin sun kasu. Masu alfahari da masarautar da Barebari suka kafa suna jingina da tarihi da sarauta. Eggon na jingina da yawan jama'a. Alago, Gwandara, Migili da Tibi kuwa kowa na da labarin da yake kafa hujja da shi.

Maganin da 'yan siyasa suka samo shi ne karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyin sanata uku. Abdullahi Adamu na yamma ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Aliyu Akwe Doma da Umaru Tanko Al-Makura na kudu suka riƙe har 2019, sannan Abdullahi Sule na arewa ya karɓa. Sai dai tsarin ya raba kujera ne tsakanin yankuna, alhali ƙorafin na ƙabila ne da addini. Har yau Eggon ba su fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba, duk da takarar Labaran Maku a 2015 da ta David Ombugadu a 2019 da 2023.

Jihar ta san farashin wannan gaba. Ranar 7 ga Mayu, 2013, an kashe gomman 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya a Alakyo, kusa da Lafiya, a rikicin ƙungiyar Ombatse. Shekara goma bayan haka, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta bai wa Ombugadu nasara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Sule ranar 19 ga Janairu, 2024. Shari'a ta ƙare, amma mata sun shafe watanni suna zanga-zanga a Lafiya, kuma magoya baya da dama a ɓangarorin biyu sun ɗauki hukuncin a matsayin awon darajar al'ummarsu.

Abin da ke ciyar da wannan ji-da-kai yana cikin doka. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana wariya, amma sashe na 147(3) ya ɗaure kujerar minista da zama ɗan asalin jiha, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma ce mabuɗin guraben aikin tarayya. Muddin takarda ce ke tantance ɗan gari da baƙo, duk wanda ya mallake ta zai ga kansa a sama.

Batun ya shafi ma'aikatan Abuja kai tsaye. Dubbansu na kwana a Mararaba, Masaka da Karu, 'ya'yansu an haife su a can, amma ba su da rabo a kason jihar. Gabanin zaɓen 2027, ma'aunin da ya dace a ɗora 'yan takara a kai shi ne matsayinsu kan haƙƙin mazauni. Wanda ya iya cewa "lokacinmu ne" kaɗai, tsohon ciwon zai sake famawa.