Ku daina ninka RAM sau biyu da sunan swap

Jama'a, akwai wata tsohuwar doka da har yanzu ake koya wa yara a wajen sanya Linux: wai girman swap ya zama ninki biyu na RAM. Wannan magana ta yi daidai a zamanin da kwamfuta ke da 64MB ko 128MB. Amma kai da ke riƙe da saba mai RAM 256GB, tsakani da Allah 512GB za ka yanka daga SSD ɗinka ka ajiye? Don me?

Ni mai gyaran waya ne, kullum ina ganin irin wannan ruɗin. Mutum ya shigo shago yana cika baki wayarsa 8GB+8GB ce. Malam, ƙarin nan daga ma'ajiyar wayar aka aro shi, kuma ba ya gudu kamar RAM na gaskiya. Haka swap yake: wuri ne a faifai da Linux ke ture bayanan da ba a taɓawa. Ko SSD mai sauri, RAM ya ninka shi gudu fiye da sau ɗari.

Ga inda haɗarin yake. Idan wata manhaja ta fara cin RAM ba tsayawa, saba mai ƙaramin swap zai cika da wuri, OOM killer ya kashe manhajar, aiki ya ci gaba. Mai ƙaton swap kuwa zai yi ta jan ƙafa na awowi, bai mutu ba bai yi rai ba, ko SSH ya gagare ka shiga, kwastomomi na ta kiranka.

Kada kuma ka ce to bari in cire shi gaba ɗaya. Ɗan swap yana ba Linux damar kau da abin da ba a buƙata, RAM ya samu sarari. Red Hat kansu abin da suka ce ga na'urar da ta wuce 64GB shi ne aƙalla 4GB, ba ninki ba.

Shawarata: fara da 4GB zuwa 8GB a matsayin fayil, yadda Ubuntu ke yi tun 2017, don ƙara shi ba wuya. Ka duba da free -h, sannan vmstat 1. Idan layin si da so kullum suna motsi, RAM ne ya yi maka kaɗan, shi za ka ƙara.

Wanda bai yarda ba ya faɗo mana nawa sabarsa ta taɓa ci a cikin 512GB ɗin.