Beyar Ma Manomi Ne

Yawancin ɗalibanmu sun san beyar ne daga labarin Dawuda, wanda ya kashe shi don ya ceci tumakin babansa. Saboda haka muna ɗaukansa maci nama kawai. Ni kuwa ina ganin ba mu yi masa adalci ba.

A dazuzzukan ƙasashe masu sanyi, kamar Japan da Kanada da arewacin Turai, 'ya'yan itatuwa su ne babban abincin beyar kafin hunturu. Yakan wuni yana ci domin ya tara kitse, gama zai kwanta a rami watanni da dama ba ci ba sha. Yakan haɗiye 'ya'yan da ƙwayarsu, ya je can nesa ya kasayar da ƙwayar tare da takinta. Ashe shuka yake yi! Yanyawa ma haka take yi.

A shekarar 2016 masana a Japan sun nuna cewa beyar yana ɗaukar irin itacen ceri na daji ya haura da shi kan dutse kamar mita 300 sama da inda ya ci. Yanzu da duniya take ƙara zafi, itacen yana bukatar wuri mai sanyi, ga shi ba shi da ƙafa. Beyar ne ƙafarsa.

Wani zai ce, ai dabbar tana da haɗari. Gaskiya ne. A 2023 'ya'yan itatuwan daji sun yi ƙaranci a arewacin Japan, yunwa ta koro beyar cikin garuruwa, ya ji wa mutane fiye da 200 rauni, aka kuma kashe dubbansu. Ran mutum ya fi na dabba, dole a kāre shi. Amma bindiga ba ta maganin yunwa. In an ƙarasa da mai shuka, wa zai shuka dajin gobe?

Ya ku ɗalibai, ba mu da beyar a nan, amma biri da jemage suna yi wa kanya da ɗinya wannan aiki. Farawa 2:15 ta nuna mana cewa Allah ya sa mutum a gona domin ya kula da ita. Kafin ka cinna wa daji wuta don neman nama, ka tuna ma'aikatan gonar kake kora.