Fin Kala-kala Ne, Amma Akwai Wanda Ba A Bayarwa



Kwanaki wani dattijo mai sayar da kifi a bakin dam ɗin Tiga ya kawo min wayarsa ta daina caji. Na duba na ce, "Baba, matsalar fin ce." Kafin in rufe baki ya fara karanto min lambobi huɗun katin ATM ɗinsa, ga shago cike da mutane. Da ƙyar na tsayar da shi. Ni ɗan ƙarfen da ke cikin ramin caji nake nufi, shi kuma ya ɗauka makullin kuɗinsa nake tambaya.

Ni dai ban ga laifin Baba ba. Mu ne muka ɗora wa kalma ɗaya kayan da ya fi ƙarfinta. Duba ka gani: tsinken cire sim, fin. Cajar Nokia ta da, babban fin da ƙaramin fin. Lambar katin waya da kake sakawa bayan *311*, fin. Ta duba sakamakon WAEC, fin. Ka maƙale hira a saman WhatsApp, nan ma ka yi fin.

Alhali asalinsu ba ɗaya ba ne. Na ƙarfen daga sunan fil yake a Turanci, irin wanda mata ke kama mayafi da shi. Na lambar kuwa taƙaitawar kalmomi uku ce, ma'anarsu lambar shaidar mutum shi kaɗai. A baki kawai suka yi kama.

Shi ya sa nake ganin mu masu gyara da masu POS mu gyara bakinmu. In ƙarfe ne mu ce bakin caji. In ta banki ce mu ce lambar sirri. Duk wanda ya ji "sirri" sai ya yi tunani kafin ya furta.

Kai kuma ɗan uwa, riƙe waɗannan:

1. Gyaran caji ko canjin batir ba ya buƙatar lambarka. In za a gwada sikirin, buɗe wayar da hannunka.
2. A wajen POS kai za ka danna, ka kare da tafin hannu. Ko da ɗan unguwarku ne.
3. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. Wanda ya tambaya ɓarawo ne.
4. Kar ka sa 1234 ko shekarar haihuwarka.
5. Sa wa sim ɗinka lamba, don wanda ya sace shi zai iya laluben asusunka. Amma kula: kuskure sau 3 zai kulle, sai da PUK da ke jikin katin da sim ya zo a ciki. Ka kuskure PUK sau 10, sim ya mutu.

Fin ɗin caji in ya karye, kawo min in canza. Ta banki in ta fita daga bakinka, ba ni da kayan gyaranta.

Allah ya tsare mana guminmu.